Ruwan da Na Bari a Injin Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya kawo ni New York. Ba ni da karatun boko mai nisa. Daga firamare aka kai ni garejin gyaran inji a Yauri, inda na koyi injin ban-ruwa da injin niƙa da ƙananan injinan da ake ɗaura wa kwale-kwale a baya. A can bakanike ake ce mini, kuma ba ƙarya ake yi ba. A nan kuwa aikina sauke kaya da jera su a shagon wasu 'yan Nijar a Harlem, buhun shinkafa, jarkar manja, katan ɗin tumatir. Hannuna ya daɗe bai riƙe sifana ba, kuma abin yana cina a rai fiye da yadda nake nunawa. Na faɗi wannan don a gane abin da ya sa na yi tsalle na karɓi aikin da ba ni aka nufa da shi ba.

Kawu Basarke ne, ɗan gidan masunta, a bakin kogi aka haife shi. Mafi yawan ƙarfinsa a wani asibiti a Bronx ya ƙare, yana tura gadon marasa lafiya daga wannan hawa zuwa wancan. Da ya ajiye aiki kowa ya zata zai ƙara ɗaki a gidansa na Yauri. Sai ya sayi tsohon jirgin ruwa. Fari ne da ya fara komawa ruwan ƙasa, da ɗan ɗaki a gaba wanda mutum ba ya iya miƙewa a ciki, da babban inji mai shan fetur a ƙarƙashin daɓen baya. Yana ajiye shi a wani ƙaramin wurin ajiye jiragen ruwa can gabashin Bronx, inda gidaje suke ƙarewa ruwa ya fara.

A masallaci sun yi ta masa ba'a.

"Alhaji, da wannan za ka koma gida?"

"In za ku zuba mini mai, har ku ma na ɗauka," in ji shi.

Ƙarshen lokacin zafi ya saye shi, saboda haka fita kaɗan ya samu kafin sanyi ya shigo. Sau ɗaya na bi shi. Mutumin da na sani yana tafiya a raɓe jikin bango, yana ba kowa hanya, ranar na gan shi tsaye ya buɗe ƙafa, hannu ɗaya a sitiyari, yana karanta ruwa da ido. Ya kashe inji a inda benaye suka koma ƙanana, ya jefa fatsa. Ya ce mini, "Nan kaɗai ne babu mai ce mini in matsa."

Da sanyi ya kusa aka fara fitar da jirage ana ɗora su a kan karagun ƙarfe. Mai kula da wurin wani tsohon Bature ne, ba ya yawan magana, hannunsa duk tsaga. Ya ce wa Kawu sai an shirya injin kafin ƙanƙara, kuma zai iya yi masa. Kawu ya juyo ya dube ni. Ban bari ya buɗe baki ba.

"Haba Kawu. Ina raye za ka ba wani ya taɓa maka inji?"

Baturen ya ce ko in zo ya nuna mini yadda suke yi. Na ɗaga masa hannu, na ce na sani. A gaban Kawu nake, wanda ya daɗe yana gaya wa mutane ɗan ƙanwarsa injiniya ne, ban so a gan ni ina koyo.

Na yi aikin da zuciya ɗaya, wannan kam Allah ya sani. Na juye tsohon baƙin mai na zuba sabo. Na cire batir. Na shafa giris duk inda ya kamata. Irin wannan injin ba shi da lagireto kamar mota, ruwan tekun da jirgin yake kai shi yake zuƙa ya zagaya cikinsa ya sanyaya shi, ya fitar ta salansa. Na san gishiri yana cin ƙarfe, sai na jona tiyo na wanke cikinsa tas da ruwan famfo. Daga nan na yi abin da aka koya mini da bulala. A garejinmu, in ka ajiye injin ban-ruwa a bushe, maigida sai ya zane ka, domin robobi za su tsattsage, tsatsa ta kama, zanzaro ya shiga ya gina ɗakinsa na laka a ciki. A wurinmu laifi shi ne ka bar inji da ƙishi. Saboda haka na cika shi taf da ruwa mai kyau, na toshe ko'ina, na lulluɓe shi da tamfol, na wanke hannu ina jin daɗin kaina.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Wata safiya na je gaida su Kawu a gidansu a unguwar University Heights, matar Kawu ta buɗe taga don ta ɗauko gorar zoɓon da ta ajiye a waje ya yi sanyi. Gorar ta kumbura ta tsage daga wuya har gindi, zoɓon ya zama jan dutse. Kowa ya yi dariya. Ni ma na fara dariyar, sai na daina. Na tuna ruwan da na bari a injin. Amma na ce wa kaina roba daban, ƙarfe daban. Wurin jirgin da nisa, bas biyu ne, ga sanyi. Ban je ba, ban kuma tambayi kowa ba.

A ƙarshen wannan sanyin ne zuciyar Kawu ta fara ba shi wahala. Hawa bene ya zama aiki. Likitoci suka ce sai an yi masa tiyata, amma sai sukarinsa ya sauka jikinsa ya ɗan yi ƙwari, suka sa masa lokaci idan sanyi ya sake dawowa. Ba su ɓoye masa ba cewa bayan aikin ba lallai ya koma yadda yake ba. Shi da ya yi shekaru yana tura mutane zuwa wannan ɗakin, yana kuma ganin yadda ake fito da su, bai buƙaci dogon bayani ba.

"Sun bar mini zafin bana," ya ce mini. "Shi ne nawa. Ka tayar mini da jirgi, ɗana."

Da gari ya fara ɗumi muka je. Ni na fara hawa tsani, shi yana ƙasa yana maida numfashi. Na yaye tamfol na ɗaga murfin daɓe. A ƙasan jirgin, cikin ɗan ruwan da ya taru, na ga wani abu zagayayye kamar murfin kwalba, na ƙarfe. Na ɗauka na haska gefen injin, na ga ramin da ya fito. Irin toshin nan ne da ake bugawa a jikin inji tun daga masana'anta. Ba ya fita da kansa. Sai wani abu ya tunkuɗo shi daga ciki da ƙarfin gaske.

Na ji tsani yana motsi, Kawu yana hawowa a hankali. Na ɗauki guduma na mayar da toshin, bugu kaɗan ya zauna.

"Me kake bugawa?"

"Wani ƙarfe ne ya ɗan saki, Kawu."

Aka sauke jirgin a ruwa, aka ɗaure shi jikin dakalin katako. Na murɗa makulli, injin ya yi tari ya kama. Muryarsa lafiya lau. Kawu ya buga cinyarsa yana dariya, ya ce wa Baturen, "Ka gani? Injiniya ne!" Na bar shi ya yi zafi, na kashe. Raina ya fara kwanciya. Sai hannuna ya yi abin da ya saba, ya zaro sandar gwajin mai.

Sabon mai na zuba, ya kamata in gan shi garau kamar zuma. Abin da ya fito kalar shayi ne mai yawan madara, kuma ya haura alamar cika. Mai ba ya ƙaruwa da kansa. Na buɗe murfin da ake zuba mai, ƙarƙashinsa ya yi kumfa mai kauri kamar kindirmo.

Kawu ya leƙo. "Kai, wannan ai koko ne. Wa ya dama mana koko a inji?"

"Bari mu gani," na ce.

Na ɗiga kaɗan a cokalin da muke shan shayi da shi, na kunna ashana a ƙasa. Mai tsantsa hayaƙi kawai yake yi. Wannan ya fara tsartsatsi yana ƙara, kamar an yarfa ruwa a kaskon ƙosai. Ruwa ne, babu tantama. Saura a san daga ina.

Na zuƙo man da ɗan famfon hannu na zuba a kwalbar gilashi, na ajiye a inuwa. Da muka dawo Lahadin da ta biyo, ruwan ya rabu ya kwanta a ƙasa, man yana sama. A garejinmu harshe ma kayan aiki ne. Idan raɓa ce ta taru a cikin inji saboda doguwar ajiya, ko ruwan sama ya samu hanya, ruwan salam zai kasance, kuma canjin mai ya wadatar. Idan kuwa da gishiri, to daga teku yake, ta hanyar da injin yake sha, ma'ana wani bango tsakanin ruwa da mai ya ɓule a ciki. Na zura siririn tiyo har ƙasan kwalbar, na toshe bakinsa da yatsa na ɗago, na ɗiga a harshe.

Gishiri ne. Har yanzu in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Kawu yana zaune a kan bokiti yana kallon bakina. "Yaya ka ji?"

Na tofar a ruwa. "Salam yake. Raɓa ce, Kawu. Sanyin ƙasar nan ne. Mu canja mai kawai."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya ci gaba da ɗaura ƙugiya.

Ba zan ce tsoron faɗansa ne ya hana ni ba, Kawu ba mafaɗaci ba ne. Kalmar nan ta injiniya ce ban so ta ɓace daga bakinsa. A duk garin nan shi kaɗai ne yake dubana ya ga wani abu ban da mai ɗaukar buhu. Kuma na yi ta gaya wa kaina cewa gishiri ba lallai tsagewa ba ne, akwai ƙananan wurare da ruwa yake iya bi. Wannan gaskiya ne. Amma ni na ga toshin, na kuma ga gorar zoɓo.

Na canja mai, muka tayar, ya sake zama shayi. Na ce saura ne a lungunan ciki, na sake canjawa. Ya sake. Sai na ce ɗan bututun da yake sanyaya mai ne ya ɓule. Na cire shi na haɗa hanya kai tsaye, mai ya sake fari. Na ce to gaskit ɗin kan inji ne, shimfiɗar nan da take hana ruwa da mai haɗuwa. Wannan babban aiki ne, ga kusoshi sun ci tsatsa, ga jiran kaya su iso, ga shi Lahadi kaɗai nake hutu. Kowane gwaji na zaɓi wanda zai fi cin lokaci, na bar wanda zai ba ni amsa a yini ɗaya.

Kawu bai fasa zuwa ba. 'Yarsa ce take kawo shi da mota, taubashiyata, wadda aka haifa a nan. Tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Turanci ne. Da farko da wasa take shigowa.

"Taubashi, har yanzu? Ni fa an ce mini kai ne kake tayar da matattun inji a Yauri. Ko da rake ake biyanka?"

"Ke da ba ki san bambancin fetur da kananzir ba."

"Na san bambancin jirgin da yake tafiya da wanda yake zaune."

Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi. Ta kafa masa lema, ta jera masa magungunansa, ta tafi. Shi kuma ya zauna a kan bokitinsa yana miƙo mini sifana, yana gyara fatsa. Jiragen mutane suna wucewa ta gabanmu suna fita, igiyar ruwansu tana girgiza namu. Duk wanda ya wuce sai Kawu ya bi shi da ido har ya sha kwana. Bai taɓa ce mini in yi sauri ba. Abin da yake cewa kawai, "Mako mai zuwa, in Allah ya so." In ce, "In Allah ya so, Kawu."

Wata rana da Kawu ya je alwala, Baturen ya tsaya a kaina ina tsugune cikin ramin inji. Ya dubi kwalaben da na jera, ya tambaye ni ko na zubar da ruwan cikinsa kafin sanyi. Na ce na yi duk abin da ya kamata. Ya ce in toshe hanyoyin ruwa in hura iska, in saurara. Ya ce idan jikin injin ne ya tsage kada in ɓata wa tsohon lokaci, akwai wasu hanyoyin, shi ma yana da tsofaffin kaya a rumfarsa. Na ce babu tsagewa. Ya tafi.

Kawu ya dawo yana tambaya me ya ce.

"So yake ya sayar mana da tarkacensa," na ce.

Na cire kan injin. Gaskit ɗin lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Na riƙe shi a hannu ina juyawa, Kawu yana kallona. Sai na ji bakina yana cewa mai yiwuwa tun asali injin yana da ciwo, wanda ya sayar masa ya ɓoye. Ban zata zai ɗauki maganar da zafi ba. Nan take ya ciro waya ya kira mutumin, wani ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, wanda ya sayar da jirgin saboda gwiwarsa. Ina tsaye Kawu ya kira shi macuci, ya ce ya ci amanar tsoho ɗan'uwansa. Ina jin muryar mutumin daga wayar yana rantsuwa. Da Kawu ya kashe, sai da ya sa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Ni na miƙa masa ruwa.

Daga nan taubashiyata ta daina wasa da ni. Tana ajiye shi, ta dube ni, ta dubi injin a wargaje, ta ja mota.

Rana ta fara gajarta. Ganyen bishiyar da ke bakin ƙofar wurin ya fara canja launi. Wata Lahadi Kawu bai zo ba, ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Na tsaya ni kaɗai a kan jirgin, babu mai miƙo mini sifana, babu wanda zan yi wa bayani. Na mayar da kan injin, na toshe hanyoyin ruwa da roba da ƙarfen ɗauri, na jona famfon keke na hura. Iskar ba ta tsaya ba. Na kara kunne a bakin da ake zuba mai, na ji tana fita a ciki, siririyar ƙara kamar ta maciji. Na cire murfin sama na haska tocila a kwarin da ke tsakiyar injin. Ga ta nan, tsaga mai tsawon yatsa, bakinta ya yi ja da tsatsa. Na shafa ruwan sabulu na sake hurawa, kumfa ta taso a jere.

Aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Shi na yi wata da watanni ina kewayewa.

Daga can gidansu na wuce, ko hannu ban wanke sosai ba. Na same shi a falo, ƙafafu a kan matashi, taga a buɗe. 'Yarsa tana kicin. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Kawu, injin ya tsage. Ba ya gyaruwa."

"Inna lillahi. Mutumin nan..."

"Ba shi ba ne. Ni ne. Ruwa na bari a ciki da sanyi, ya daskare ya fasa shi."

Ana jin yara suna buga ƙwallo a titi.

"Kuskure ne wannan," ya ce. "Ni ma da ni ne, cika shi zan yi. Yau ka gane?"

Da wannan tambayar ya buɗe mini ƙofa, da na so da na bi ta nan na fita. Na ce, "A'a. Tun ranar kwalba. Ruwan da gishiri."

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni, Kawu."

"Ka ce salam."

Na sunkuyar da kai. Na gaya masa maganar toshin da gudumar, da abin da Baturen ya ce da gaske. Ban ji fitowar taubashiyata ba sai da ta fara magana. Da Turanci ta yi, da sauri, ban kama duka ba, amma na kama cewa kowace Lahadi sai ta ɗauko shi daga bene tana jin numfashinsa. Ta ƙare da kalma ɗaya mai zafi ta Hausa, wadda ban san ta iya ba. Kawu ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"Ka sa na zagi bawan Allah," ya ce. Sai kuma ya gyara zama, ya dube ni sosai. "A Yauri wane inji ka fi gyarawa?"

"Na kwale-kwale."

"Wanda ake ɗaurawa a baya."

"Shi."

"To jirgin nan ba shi da baya ne?"

Ƙaramin inji ba zai sa jirgin gudu ba, amma zai kai shi inda benaye suke komawa ƙanana, kuma can kawai yake son zuwa. Shi ne aikin da na fi kowa iyawa. Ban taɓa kawo shi a raina ba, domin kafin a yi maganar ƙaramin inji sai an yarda babban ya mutu, kafin nan kuma sai an tambayi wanda ya kashe shi.

Washegari na roƙi masu shago suka ba ni yini. Na je na sami Baturen a rumfarsa na gaya masa. Bai ce ai ya faɗa ba. Ya janye wani tamfol ya nuna mini tsohon ƙaramin inji, ya taimake ni muka ɗaura masa mazauni a bayan jirgin. Na wanke kafireto, na canja fulogi, na gauraya mai. A jan igiya na biyu ya tashi. Na ɗauki ƙararsa a waya. Ni da Kawu muka sa ranar Lahadi za mu fita.

Kafin Lahadin numfashin Kawu ya toshe, aka kwashe shi zuwa asibiti, asibitin da ya yi wa aiki. Likitoci suka ce ba za a jira sanyi ba. An yi tiyatar, zuciyar ta karɓa, amma da ya farka ɓarin jikinsa na dama bai farka tare da shi ba.

Na je duba shi bayan an mayar da shi gida. Matarsa ta amsa gaisuwata ta shige ciki. Yana kan keken guragu a bakin taga, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa sai an kasa kunne. Na ciro waya na kunna masa ƙarar injin. Ya rufe ido ya saurara har ta ƙare.

"Mai ya ɗan yi yawa," ya ce.

"Zan rage, Kawu."

Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce in fara kiran mutumin da ya zaga, in gaya masa gaskiya da bakina. Na kira a gabansa. Mutumin ya saurara, ya tambayi jikin Kawu, ya ajiye waya. Na sake roƙo. Kawu ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Haka ake ce wa kowa, har wanda ya taka ka a kasuwa. Ban san ko ya wuce haka a ransa ba, ban kuma da bakin tambaya. Tun daga ranar bai sake ce mini injiniya ba. Ɗana yake cewa, kamar da, yana kuma tambayar aiki.

Gangaren katakon da ake bi a sauka wurin jirage ba ya ɗaukar keken guragu, ko da likita ya yarda, kuma bai yarda ba. Da sanyi ya kusa aka fitar da jirgin aka ɗora shi a kan karagunsa. Taubashiyata tana so a sayar. Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba, saboda haka yana nan.

Ni na je na shirya shi. Wannan karon na tsaya Baturen ya nuna mini kowace kusa da ake kwancewa. Na tsiyaye ƙaramin injin na kai shi rumfa. Na koma kan babban, wanda babu sauran abin da sanyi zai yi masa, na kwance nasa kusoshin su ma. Jan ruwa ya zubo mini a takalmi. A ɗan ɗakin gaba na tarar da bokitin Kawu, fatsarsa a naɗe a ciki, ƙugiyoyin da ya yi ta ɗaurawa duk Lahadi an soke su a jere jikin guntun soso. Gishirin iska ya fara cin su. Na shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya, na mayar, na ja tamfol.